Turken Mai Jin Ƙasa

Masu karatu, kafin wani ya riga ni kai muku labari ya ce asiri aka yi mini, bari ku ji daga bakina: gishirin nan ni na bayar da shi, da hannuna na dama, ba wanda ya ƙwata.

Sunana Hawwa'u, amma a rugarmu da ke gabas da Dumega Kulu ake kirana. Bazawara ce ni. Aurena na fari bai ga damina biyu ba ya mutu, na kwaso ƙoraina na dawo gidan Baba. Ni ce 'yar farinsa, don haka tun da aka haife ni bai taɓa kama sunana ba, bai taɓa kallon tsakiyar idona ba. In ruwa yake so, sai ya dubi danga ya ce, "Ko akwai mai kunne a gidan ga?" Uwata ta rasu ina goye, yayar Baba, Goggo Altine, ce ta raine ni. Goggo tana da ɗa, Habu, kuma tun ranar da na fita idda take auna ni da ido kamar karsanar da za ta shiga garkenta. Ba a yi wa bazawara dole, amma ana iya damunta har ta gaji ta ce to.

'Yan shekaru ne da samun 'yancin kai, aka sauya tuta a biron kwamanda, wato ofishin mulki. Mu dai a daji ba mu ga abin da ya sauya ba, sai rijiyarmu da ke ƙara nisa kowace bazara. Sa ya ja guga har ya ɓace wa ido, guga ya fito rabinsa laka.

A irin wannan bazarar wani koren kamyo, babbar motar kaya, ya sauka a gindin gawon da ke bakin hanyar shanu. Bature ɗaya, ya yi ja kamar gauta, da samari 'yan birni. Suka sauke nannaɗaɗɗun wayoyi, da turakun ƙarfe, da wani akwati mai allura a fuska. Aka ce gwamnati ta aiko su neman ruwa. Ba su haƙa ko taki ɗaya ba, sai jan waya da buga turke. Kafin kasuwa ta zagayo mutane sun raɗa musu suna: masu jin ƙasa.

Ina kaɗa nono da hantsi na ji sallama a bakin danga. Ɗaya daga cikin samarin nan ne, dogo, baƙi, rigar kaki mai aljihu biyu da alƙalami a soke, gajeren wando, takalmin roba da ƙaya ta gama yi wa zane. Ya ɗora malafa irin ta manoma a kan wannan shigar ta 'yan lakwal, wato 'yan boko. Ni kuwa ina cikin tsohon zanen saƙi mai shuni, ko ɗankunnen azurfata ban sa ba. Har yau abin na ci mini rai.

"Masu gida, ko za a taimake mu da gishiri?"

"Miya za ku yi?"

"A'a. Ƙasa za mu ba."

Na ajiye maburgi na dube shi. "Shanunmu ba su samu sun lasa ba, sai ƙasa? Mi ta yi maku?"

"Ta ƙi magana," ya ce, ko murmushi bai yi ba. "Ta bushe ƙwarai. In anka zuba ruwan gishiri gindin turke, sai bakinta ya buɗe."

Na ce a raina wannan ko dai mahaukaci ne, ko kuwa ya fi kowa hankali. Na shiga ɗaki na fasa masa gishirin Foga da muke ajiye wa shanu, na cika masa tafi. Ya ce sunansa Sha'ibu, daga Dogon Dutsi. Ya tambayi nawa sunan.

"Kulu."

"Wato Hawwa'u."

Tun rasuwar kakata ba wanda ya kira ni da cikakken sunan nan. Na koma kan ƙwaryata, na yi ta kaɗa nonon da ya riga ya ba da mai.

Daga ranar tallan nonona ya canja hanya. Da can Dumega nake kaiwa, yanzu sai ƙafata ta bi ta gindin gawo. Na fara sa rigar mudukare mai jan zare, da murjani biyu a wuya. Goggo ta ce, "Yau kuma wane buki?" Na ce zafi ne ya sa na sauya kaya.

Nan na ga aikin da idona. Turke huɗu suke kafawa a jere. Biyu na can nesa, gabas da yamma, su ke tura wutar batir cikin ƙasa. Biyu na tsakiya su ke saurare. Sha'ibu na tsugune gaban akwati, ya rufe kansa da tawul saboda rana, ya murɗa wani abu, allura ta motsa, ya kira lamba da Faransanci, Bature ya rubuta. Sai a busa usur, a tumɓuke na nesa a ƙara musu nisa, a sake bugawa, a sake zuba ruwan gishiri. Haka tun sanyin safiya har ƙarfe ya yi zafin da ba ya taɓuwa. In akuya ta tauna waya, aikin rabin yini ya tashi a banza.

"Don mi kuke ta ƙara masu nisa?" na tambaye shi wata rana yana shan fura.

"Gwargwadon nisan turaku, gwargwadon zurhin da muke ji. Busasshen rairayi ba shi barin wuta ta wuce. Laka na barin ta ta wuce da gudu. Rairayi mai ruwa, tsakanin su yake. Shi muke hwarauta."

"To kana ganin ruwan?"

"Ba ni gani. Ba mai gani. Lambobi muke zanawa bisa takarda, su yi layi, inda layin ya lanƙwasa nan muke zato."

"Zato! In kunka yi kuskure hwa?"

"Sai a haƙa a tarar da ƙasa ƙandas, a zage mu har kakanni."

Na yi dariya har na zubar da ludayi. Ya gaya mini sunan aikin, jewofizik. Na gwada faɗa sau biyu, harshena ya ƙi. Ya ce in bar shi a mai jin ƙasa, ya fi gaskiya.

Ba mai yawan magana ba ne, amma da kaɗan-kaɗan na tara labarinsa. Ubansa mai sayar da yadi ne a kasuwar Dutsi, ya so da ya gama kwaleji ya zama akawu, ya zauna a inuwar biro da farar riga. Shi kuwa ya bi kamyon nan. Da ɗaukar waya ya fara, ya koma bugun turke, yanzu shi ke karanta allura. An kuma zaɓe shi ya je karatu Dakar, shekara biyu, ya dawo ya iya karanta layin da kansa.

"Ƙasar tamu ce yanzu," ya ce, yana duban Baturen da ke barci ƙarƙashin kamyo. "Amma mai karanta cikinta baƙo ne. Mutumin kirki ne, ya koya man da yawa. Sai dai wata rana gida za shi."

Ya juya malafa a gwiwa.

"Aikin ga ba shi da gida, Hawwa'u. Yau nan, gobe Matankari, jibi inda ko suna babu. Tanti, da ƙura, da ruwan jarka. Wace mace za ta yarda da wanga zama?"

"Ka san da wa kake magana kuwa?" na ce. "Mu da muke ɗaure gidanmu kaf bisa bayan takarkari, mu tashi kahin rana ta hito?"

Ya ɗago ya dube ni. Ni na fara sauke ido. Iyakar zancenmu ke nan, masu karatu. In kuna jiran abin da ya fi haka, babu.

Layinsu na ƙarshe ya ratsa ta bayan dangarmu. Ranar Baba ya kai shanu wata rijiya mai nisa, Goggo ta tafi barka. Sun daɗe a wurin fiye da ko'ina, Bature ya sa aka maimaita, ya sake sawa aka maimaita. Da suka naɗe wayoyi, Sha'ibu ya ɗauki turke ɗaya ya buga shi har wuya, ya shafa wa kansa jan fenti. Ya yi magana ta cikin karan danga, ina tsaye daga ciki.

"Wanga na bari. In masu haƙa sunka zo bayan damina, nan za su sa bakin injin. Ni zan kawo su kahin in tahi Dakar. Ranar zan gaida Baba, gaisuwa ta daban. A kula man da shi."

Washegari gindin gawo ba kowa, sai sawun taya da tokar murhu.

Ban san kewa tana da nauyi ba sai da na ɗauke ta. Tuwo ya daina wuce mini. In na kai tallan nono Dumega ranar kasuwa, sai in tsaya inda motoci ke tsayawa, ko zan ga Mahamadu, direban kamyonsu, da ke zuwa sayen hatsi. Shi ne wayarmu. Ya kan karɓi ludayi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Muna Kieshe. Wani ya ce a gaida mai gishiri." In ce, "A ce ma wani ya riƙa sa malahwa, rana ba ta san ɗan kwaleji ba." Wata kasuwar ya ce, "Wani ya ce allura ta yi masa gardama, tunaninsa na wani wuri." Na ƙulla man shanu a ƙaramin ƙoƙo na bayar. Daga baya kamyon ya daina zuwa. An ce sun yi arewa.

Kowace safiya, kafin tatsa, nakan zagaya bayan danga in duba jan kan nan. In rairayi ya rufe shi in share da tafin hannu. Habu ya aiko da goro, na mayar. Ya aiko da tabarma sabuwa, na ce ina da wata. Zanena ya fara zagaye ni sau biyu.

Goggo ce ta bi sawuna.

Ihunta na ji ina wanke ƙwarya. Kafin in zagaya, matan ruga sun taru, Baba na tsaye da sandarsa a kafaɗa, Habu a bayansa. Goggo ta durƙusa tana nuna turken da bakin muciya, ta ƙi taɓa shi da hannu. Gishirin da aka zuba ya bushe ya yi fari kewaye da shi.

"Umaru, zo ka gani da idonka! Ƙarhe, da gishiri, da ja bisa kai kamar jinin zakara. Ka auna ka gani, daidai kan gadonta yake! An kafe ɗiyar ga! Shi ya sa ba ta ci, ba ta sha, ba ta ganin ɗan kowa da gashi. Na ce wanga ramewa ba ta Allah da Annabi ba ce!"

Ku da ba ku san Arewar Dogon Dutsi ba, kada ku yi mata dariya. A ƙasarmu kowa ya san kafi. Ana kafe gari kada maƙiyi ya shiga, ana kafe gona, ana kafe mace ta kasa gaba ta kasa baya. Kuma da ƙarfe ake yi, a binne inda mutum ke kwana. Abin da Goggo ta gani, shi kowace uwa za ta gani.

"Goggo, alama ce," na ce. "Ta rijiya. Nan za a haƙa."

"Rijiya bayan ɗakin bazawara! Daji duk ya ƙare? To gishirin hwa, rijiya miya ce?"

"Ni na ba shi gishirin."

Na ɗauka hakan zai kashe maganar. Ashe mai na zuba wa wuta. Goggo ta ɗora hannu biyu a ka.

"Da hannunki? Wayyo ni Altine! Ai shi ke nan, ya kama. Abin da anka karɓa daga hannun mutum shi ya hi ci!"

Abin da ya kamata in faɗa na san shi: ya ce zai zo ya gaishe ka, Baba, neman aure zai zo. Amma 'yar fari ba ta buɗe baki gaban ubanta ta ambaci namiji.

Baba ba mai son zancen iskoki ba ne, mutum ne mai carbi. Ya daɗe yana duban jan kan nan. Sannan ya yi magana da danga, yadda ya saba.

"Ko kafi ne, ko ba kafi ba ne, Allah ya sani. Abin da ni na sani, namiji ya buga ƙarhe bayan gidana bai ce man uffan ba. A cire. Mai shi kuma, in ya dawo, iyakarsa hanyar shanu."

Habu ne ya cire. Ya ɗaura igiya, ya girgiza, ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Da turken ya fito ya jefar gaban Goggo, ya matso kusa da ni kamar zai ɗauki igiyarsa.

"Kulu," ya ce ƙasa-ƙasa, "ni ban ce a yi haka ba. Ba ni son matar da sai an tumɓuke ƙarhe ta dube ni."

Goggo ta naɗe turken a tsumma, ta ce za a kai wa mai magani ya karya abin. Baba ya ce a ajiye tukuna. Aka cusa shi ƙarƙashin rumbu.

Kun ga tarkon da na shiga? In na ci abinci na yi ƙiba, Goggo ta ce ga shi nan, an cire kafi ta warke. In na ci gaba da ramewa, ta ce abin ya shiga jini. Ta kowace hanya Sha'ibu boka ne. Ramin kuwa iska ɗaya ta ishe shi ya ɓace, kuma damina na tafe.

Ina da maraƙa, Wule, wadda uwata ta bar mini kakarta. Da yamma na tumɓuke turkenta na icce, na kai shi bayan danga, na soka a ramin tun bai rufe ba, na buga da taɓarya. Na ɗaure ta a nan. Goggo ta ce me ya kai maraƙa bayan gida, na ce ƙudaje sun dame ta a garke. Duk damina a nan Wule ta kwana, ruwa ya dake ta, ya dake ni in na je kwance ta. Baba ya wuce ta wurin ba sau ɗaya ba. Ya kan dubi maraƙar, ya ci gaba da tafiyarsa.

Aka yi girbi. Kara ya bushe. Ran nan da hantsi muka ji ƙugi daga yamma, motoci biyu, ɗaya da dogon ƙarfe kwance a bayanta. Na shiga ɗaki da gudu. Na ɗaura sabon saƙi, na sa azurfa, garin sauri har na soke kunnena. Na fito na tsaya bayan rumbu ina ƙirga masu saukowa.

Babu malafa a cikinsu.

Mahamadu ne ya zo bakin danga, shi da shugaban masu haƙa, wani kakkauran Bazabarme. Ya cire takalmi ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, saƙo gare ni daga Sha'ibu. An matso da tahiyarsu, jirgi ya ɗauke su tun kahin girbi. Ya roƙi kwana biyu ya zo nan, ba a ba shi ba. Ya ce in hwaɗa maka ya yi laihi: ya kafa turke bayan gidanka ba ka nan, bai jira ya nemi izini ba. Ya ce laihin ga da bakinsa ya so ya zo ya wanke, shi da wata magana wadda ba a aiko direba da ita."

Na dafa rumbu. Dakar. Ban ma san ta wace kusurwa ake duban ta ba.

Bazabarmen ya gaji da jira. "To ina turken? Mun zagaya ba mu ga ja ba. Takarda ta ce bayan ruga, amma bayan ruga da faɗi. In babu alama, wucewa za mu yi, garuruwa na jira."

Goggo ta shiga gyara kallabi.

Mahamadu ya ce, "Ya ce in ba a gane wurin ba, a tambayi Hawwa'u. Wace ce Hawwa'u?"

Baba aka yi wa tambayar, kuma sunan nan ba ya fita daga bakinsa. Na ga gemunsa ya motsa. Ya dubi danga, ya dubi ƙasa. Sannan ya ɗaga sandarsa ya nuna bayan gida, inda Wule ke tsaye tana kaɗa wutsiya.

"Ku kwance maraƙar can," ya ce. "Mai ita ta tsare maku wurin damina guda."

Ashe ya sani. Tun ranar farko ya sani.

Aka ja motar baya-baya har kan turken Wule. Baba ya sunkuya da kansa ya jawo tsumman nan daga ƙarƙashin rumbu, ya warware, jan fentin ya dusashe. Mahamadu ya miƙa hannu zai karɓa, kayan aiki ne. Baba bai ba shi ba.

"Umaru!" Goggo ta ce. "Mi za ka yi da wanga abu?"

"Kayan baƙo ne. Ɗakina zan aje shi." Ya juya ga Mahamadu. "In kuna da hanyar aika magana inda yake, a ce masa mai turke shi ka zuwa ya amshi abinsa. Ba a aiko kowa."

Ya shige ɗaki da shi. Bai dube ni ba, kuma ban so ya duba ba, don fuskata ba ta ganuwa.

Goggo ta bi ta gabana, ta tsaya daidai kunnena. "Shekara biyu, Kulu. Birni ne, da 'yan mata masu takalmi mai tsini. Ni ina nan, Habu na nan."

Na juya na nufi bayan danga. Injin ya tashi, ƙasa ta fara rawa ƙarƙashin ƙafata. Ko akwai ruwa a wurin, ko babu, har yanzu da nake gaya muku ba wanda ya sani, rairayi busasshe kawai ke fitowa. Na ja igiyar Wule na matsa gefe, na cire takalmina, na tsaya da tafin ƙafa a kan ƙasa ina saurare.